Wai kunne ne, a kai ta gida

Abban Yara: Jama'a ku taya ni ji. Jiya ƙarfe 2 na dare Hajiyarmu ta juya a gado sai ihu wai ɗaki na juyawa da ita ga amai, muka kwashe ta sai emajansi. Mun fi awa a benci, da likitan ya zo ko ƙarin ruwa bai saka ba, ya auna BP, ya leƙa idonta, ya kwantar da ita yana juya mata kai dama da hagu kamar mai gyaran rediyo, wai jiri ne daga cikin kunne a tafi gida. Kunne fa! Matar da ko ciwon kunne ba ta yi. Wlh talaka bai da daraja a asibitocin nan.

Maman Biyu: Subhanallah, Allah ya ƙara sauƙi. Amma Yaya abin da ka faɗa ba jiri ba ne, hajijiya ce.

Abban Yara: Meye bambancin don Allah

Maman Biyu: Jiri shi ne ka miƙe ka ga duhu-duhu kamar mai azumi. Hajijiya kuma duniya ce ke juyawa, ba ka yi wasan hajijiya kana yaro ba?

Bazazzagi: Mu dai juwa muka sani. Kanawa kun cika ƙaƙale, ga shi ko Hausar ba ku iya ba 😂

Na Ƙofar Mata: Kai bawa yi mana shiru, yaushe Zazzagawa suka fara gyara wa iyayen gidansu Hausa

Sista: Ku tsaya, maganar Maman Biyu ita ce tambayar farko da muke yi a wajen aiki. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu bututu guda 3 masu ruwa a kowane ɓangare, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa in kanka ya juya da kuma ta ina ya juya. Kusa da su akwai 'yan ƙananan tsakuwoyi kamar garin alli, in suka ɓalle suka faɗa bututun, da ka juya kai sai ɗaki ya kama juyawa, bai cika kai minti 1 ba ya lafa. Ba ya ciwo, shi ya sa Hajiya ba ta ji komai a kunnen ba. Juya kan da ya yi mata shi ne maganin, mayar da tsakuwar yake, wani likitan Amurka John Epley ne ya fito da dabarar a 1980.

Abban Yara: Na san za a rina, ku ma'aikatan asibiti ba kwa taɓa ganin laifin juna.

Mai Kemis: Da wajena kuka zo Stugeron zan ba ta ta kwana lafiya. Kuma a gwada taifot da maleriya.

Sista: Alhaji kai komai taifot. Irinku ne ke ɗirka wa mutane allurar genta ta kashe ƙwayoyin cuta ba lissafi, ita kanta tana lalata cikin kunne, mutum ya dawo yana tangaɗi har abada.

Mai Kemis: Irinku? Sista ki iya bakinki, shekarata 19 a sana'ar nan, lokacin kina firamare

Malam Ƙarami: Ƙarfe 2 na dare fa aka ce. Ni dai a haɗa da ruƙiyya, ba komai ne na asibiti ba.

Bazazzagi: Da asibitin Shika na Zariya kuka kawo ta an gama magana

Na Ƙofar Mata: A ɗauki mai amai tun daga nan har Zariya, kai dai a ce Zariya

Sista: Abin da nake so ku riƙe, shanyewar ɓarin jiki in ta taɓa ƙeyar ƙwaƙwalwa tana iya zuwa da juwa kaɗai, baki bai karkace ba hannu bai mutu ba, kuma hoton CT yakan kasa ganinta da farko, shi ya sa ake tsayawa kallon rawar ido. In juwar ta ƙi tsayawa ko an zauna shiru, ko mutum ya kasa tsayuwa da kansa, yana ganin abu biyu-biyu, magana na sarƙewa, ciwon kai mai tsanani, ko kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, musamman mai hawan jini ko suga, a ruga asibiti, allurar narkar da gudan jini awa 4 da rabi gare ta. Yaya, Hajiya na tafiya da ƙafarta yau?

Maman Biyu: Kun gani ita ma juwa ta ce, ba jiri ba

Bazazzagi: Alhamdulillah Zazzau ta ci 💪

Admin: Toh ya isa haka. Abin da aka tsayar: na ɗaya juwa ce kalmar da ta fi, kowa ya yarda. Na biyu likita bai kyauta ba da ya bar dattijuwa a benci. Na uku Sista ta ba Alhaji haƙuri, mutum ne mai taimakon unguwa, ko ni bashi yake ba ni.

Maman Biyu: Wa ya yarda? Hajijiya na ce

Sista: Ba a amsa min ba, tana tafiya ko ba ta tafiya?

Abban Yara: Tana tsakar gida tana tankaɗe tun safe. Amma dai ko ledar ruwa ɗaya ai ya saka mata.