Bushewar bakin da shan ruwa bai kawar ba: wa ya taɓa fama da ita?

Wata uwar gida daga ƙauyen Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun shigowar hunturu Innarmu take kukan bakinta ya bushe ƙamas. Cikin dare sai ta farka harshe ya manne da ganɗa, tuwo kuma ba ya wuce mata sai an tsinka miya. Kwanon sha kullum yana gefenta, amma shiru. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka mana.

Manomin rani daga Kura:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ni nawa mura ce ta jawo. Hanci ya toshe, ina kwana baki buɗe, ga iskar hunturu. Da na riƙa turara fuska da tururin ruwan zafi kafin kwanciya, na rage goro, sai yawu ya dawo. Leɓe kuwa man kaɗanya ya ishe shi.

Wata daga Gaya:
Yaya, don Allah kada ki tsaya a kan hunturu. Ki lura, Inna tana yawan tashi fitsari da dare? Tana ramewa? Haka maigidana ya fara. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, ruwan randa ba ya kwana, kowa yana cewa zafin ciki ne, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe. Shi kuma yana kashe ƙishin da lemon kwalba, ashe wutar yake ƙara wa itace. Sai da ganinsa ya fara dishi-dishi muka je asibiti, aka ɗiga jininsa a 'yar na'ura, aka ce ciwon suga ne. Suga in ya yi yawa a jini, da fitsari yake fita, yana jan ruwan jiki. Tun da ya kama magani ya gyara cimarsa, bakin ya daina bushewa.

Tsohon malamin firamare daga Gumel:
'Yata, a duba magungunan da take sha. Ni ƙwayar hawan jini mai sa fitsari ce ta busar min da baki, in na haɗa da Piriton na mura abin ya ninka. Ban daina da kaina ba, likita na gaya wa, ya sauya min wata.

Ma'aikaciyar lafiya daga Birnin Kudu:
Baba Malam ya yi daidai, musamman da bai yanke maganin da kansa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake raina yawu. Mai lafiya yana yin kusan rabin lita zuwa lita 1.5 a rana, shi ke wanke haƙori da dasashi. In ya ƙafe sai haƙori ya fara ruɓa, baki ya yi wari, wani lokacin fari-fari ya fito a harshe yana raɗaɗi.

Inna ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ta ci gaba da aswaki safe da dare, a rage mata yaji da shayi mai kauri. In tana iya tauna cingam marar sukari, yana tsatso yawu. Alewa kuwa a'a.

Yaya, ki kai ta gwajin suga da sassafe kafin ta karya. In sugan jininta ya kai 126 a ma'aunin mg/dL ko ya wuce, za a sake gwadawa wata rana a tabbatar ko ciwon suga ne. Ki zuba duk magungunanta a leda ki tafi da su, har na kemis da na gargajiya.