Magani da furotin a ƙwayar nano ɗaya: a ina furotin ke mutuwa?

Amina: Assalamu alaikum. Masu aikin ƙwayoyin nano (ƙananan ƙwayoyi masu ɗaukar magani) na ciwon daji, a taimaka. Muna zuba maganin ciwon daji dokzorubisin da furotin TRAIL, mai sa ƙwayar ciwon daji ta mutu, a cikin PLGA, wata irin roba mai narkewa a jiki, ta hanyar gauraye biyu, wato ruwa cikin mai, sannan a sake juye shi cikin ruwa. Girma yana fitowa daidai, nanomita 180 zuwa 200, awon BCA kuma ya ce furotin ya shiga. Amma da an zuba wa ƙwayoyin kansa (ciwon daji), kisan bai wuce na maganin shi kaɗai ba. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam. Malama Amina, kada ki saki jiki da BCA. Yawan furotin yake aunawa, ba ruwansa da mai rai ko matacce. Ga kuma wani tarko: ruwan awon yana da pH wajen 11, a nan kuwa dokzorubisin yakan bar jansa ya koma shuɗi-shuɗi, ya sha haske kusa da nanomita 562 inda ake karanta sakamako. Sai lamba ta kumbura. Ki auna ƙwayoyin nano da ke ɗauke da magani zalla, ki debe abin da suka ba da. Sannan ki fito da furotin ɗin ki duba ko yana tayar da kasfes 8, sinadarin da ke fara kisan ƙwaya, a ƙwayoyin kansa. Idan bai tayar ba, ya riga ya lalace.

Usman: A wurinmu gaurayen farko ne ke cinye shi. Furotin yana maƙalewa a mahaɗar ruwa da daikuloromitan (man da ake narkar da PLGA a ciki), ya warware, ya dunƙule, injin girgiza da sauti kuma ya ƙara masa zafi. Abin da ya rage ɓarnar shi ne a tsoma kwalbar cikin ƙanƙara, a kunna injin daƙiƙa 5 a kashe 10, jimillar girgiza kada ta wuce daƙiƙa 30. A sa furotin albumin a ruwan ciki, shi ne zai tare mahaɗar ya sha wuyar. Etil asitet ya fi daikuloromitan sauƙi ga furotin. PVA, mai hana ƙwayoyin mannewa da juna, kashi 1 cikin ɗari ya isa a ruwan waje, a kuma wanke sau 3.

Ko ya tsira daga nan, akwai sauran rina a kaba. PLGA idan ya fara ruɓewa yana sakin asid na laktik da gilaikolik a cikinsa, pH ya faɗi ƙasa da 3 a wasu haɗe-haɗen. Magniziyam haidoroksaid kimanin kashi 3 na nauyin PLGA yana kashe tsamin.

Hajiya Rabi: Malam Usman, duk gaskiya ne, amma ni a ganina tun farko ba a ciki ya kamata TRAIL ya zauna ba. Aikinsa a bayan ƙwayar kansa yake, sai ya kama makamansa, DR4 ko DR5, a fatarta. Dokzorubisin kuwa sai ya kai cibiyar ƙwayar ya shiga DNA. In aka kulle su wuri ɗaya ƙwayar kansa ta haɗiye su, TRAIL ya wuce ƙofarsa, laisosom, jakar narkar da abubuwa a cikin ƙwayar, ya narkar da shi.

Lifosom, wato ƙwaya mai fatar kitse da ruwa a cikinta, ya fi dacewa. A jiƙa kitsen da amoniyam salfet milimola 250, a matse ta matacin nanomita 100, a sauya ruwan waje, sannan a zuba magani a digiri 60 na rabin awa zuwa awa ɗaya. Haka ake cika Doxil, dokzorubisin na cikin lifosom, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, kuma fiye da kashi 90 na maganin kan shige. Sai an huce sarai ake ɗaura furotin a bayansa. Wanda ya juya wannan jeri ya dafa furotinsa da hannunsa. A guji EDTA ma, mai kwace zink, domin TRAIL guda 3 ne ke haɗuwa su yi aiki, zink ne ke riƙe su.

Sani: Hajiya, ƙarin bayani kan ɗaurin. Na nikel da jelar histidin da ake maƙala wa furotin yana da kyau a kwalba, amma a jini furotin na jiki kan ture shi. Ɗaurin sinadaran maleyimid da tayol ya fi riƙo, a pH 6.5 zuwa 7.5, in ya haura haka maleyimid ɗin lalacewa yake yi. Kafin a gwada a ɓera, a jiƙa ƙwayoyin cikin ruwan jini a digiri 37, a sake auna girma da aiki. Wani bita na 2016 ya nuna matsakaicin abin da ke isa ƙari a dabbobi kashi 0.7 ne na allurar, sauran mafi yawa hanta da saifa ne ke kwashewa.

Amina: Na gode ƙwarai. Za mu koma lifosom. Ajiya fa, a daskarar ko a busar?

Hajiya Rabi: Kada ki daskarar da shi haka nan, ƙanƙara tana fasa fatar, magani ya zubo. Ki ajiye a digiri 2 zuwa 8. In dole sai an busar, a sa sukarin tirehalos ko sukuros kashi 5 zuwa 10, a kuma sake auna yoyon magani bayan an jiƙa.