Neman shawara: ina so in haɗa ƙaramar kwamfutar wasa da zan riƙa tafiya da ita

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a Abuja, iyalina kuma suna Kano, saboda haka ba na rabo da hanya, yawanci a mota, wani lokaci kuma in hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa sannan in ƙarasa a mota. Ina so in haɗa kwamfutar wasa da hannuna, ƙarama wadda za ta shiga jaka, domin in riƙa buga EA Sports FC da Call of Duty a duk inda na sauka, kuma ina da monita a gidajen biyu. Abin da na tanada bai wuce kwatankwacin dala 1,200 ba. Zuciyata ta kwanta da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 7600, da katin hoto mai sarrafa hotunan wasa, RTX 4070, amma kesin, wato akwatin da kayan za su zauna a ciki, shi ne ya tsaya mini a rai: Fractal Design Terra, mai lita 10.4, ya ba ni sha'awa ƙwarai, sai dai ina ganin mutane da yawa suna yabon Cooler Master NR200, wanda ya kai lita 18. Ina roƙon waɗanda suka taɓa haɗa irin wannan su ba ni shawara kafin in saki kuɗina.

Wani mai haɗa kwamfuta a Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tsaya a kan kesin, domin a ƙaramar kwamfuta shi ne ke yanke hukunci a kan kowane kaya da za ka saya, kuma wanda ya fara sayen katin hoto kafin ya auna gidan da zai zauna yakan koma kasuwa neman canji. Mazabod ɗinka, allon da ake jona dukkan kayan a jikinsa, dole ya zama Mini-ITX, wato santimita 17 tsawo da faɗi, mai gurbin katin hoto guda ɗaya da gurbin ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) guda biyu kacal. Tunda gurbin biyu ne, ka sayi ram DDR5 mai gigabait 32 tun farko, guda biyu masu 16, saboda ba ka da inda za ka ƙara daga baya sai dai ka cire na ciki gaba ɗaya. Na'urar raba wuta kuma ƙaramar nan ce da ake kira SFX, ba babbar da aka saba gani ba. Ka sani cewa waɗannan kaya biyu sun fi takwarorinsu manya tsada, kuma ba kullum ake samunsu a Farm Centre ko titin Beirut ba, sau da yawa sai an aika Computer Village a Ikeja ko an yi oda daga waje.

Game da zaɓinka, ni NR200 zan ce. Yana ɗaukar katin hoto mai tsawon milimita 330, yana kuma ɗaukar na'urar sanyaya furosesa mai tsayin milimita 155, ga wurin saka fanka biyu a sama da biyu a ƙasa. Terra kuwa ba ya karɓar na'urar sanyayawa da ta wuce milimita 77, kuma ko wannan ma sai ka matse wa katin hoto wuri, domin ginshiƙin da ke tsakiyarsa matsar da shi ake yi, abin da ka ƙara wa gefe ɗaya daga ɗaya gefen ka rage shi. Waɗanda ke yabonsa a bidiyo galibi suna gwada shi ne a ɗaki mai sanyin maki 21 ko 22. Kai kuwa a watan Afrilu ɗakinka na Kano zai iya haura maki 35 idan babu wuta, kuma kusan duk makin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma sai ya ƙara shi a kan zafinsa.

Wani ma'aikaci da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Abuja:

Da izinin Malam mai haɗa kwamfuta na Kano, ina da ja a kan wannan. Ɗan'uwanmu cewa ya yi yana son abin da zai shiga jaka, kuma NR200 idan aka cika shi da kaya ba abin ratayawa a baya ba ne. Tsawonsa ya kai santimita 37, tsayinsa ya kusa 30, saboda haka sai dai a rungume shi ko a nema masa jaka ta musamman. Terra tsawonsa santimita 34 ne, faɗinsa 15, tsayinsa bai kai 22 ba, yana shiga babbar jakar baya har a samu wurin kibod. Ina amfani da kesin mai irin wannan girman, kuma abin da na gani shi ne zafi ba ya zama matsala matuƙar mutum bai yi haɗama wajen zaɓen kaya ba. Ryzen 5 7600 furosesa ne mai wat 65, ko an matsa masa ba ya wuce wat 88, kuma kamfanin AMD ya ƙera shi ya jure har maki 95. Gajeriyar na'urar sanyayawa irin Thermalright AXP90-X47, mai tsayin milimita 47, tana iya riƙe shi a lokacin wasa. Wanda zai sha wahala shi ne wanda ya cusa furosesa mai cin wat 200 a cikin lita goma.

Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai shi ne igiyar da ke haɗa katin hoto da mazabod a irin wannan kesin, tunda katin a bayan mazabod yake zama. Ka tabbata ta PCIe 4.0 ce, wato nau'in mahaɗin da katin ke aiki da shi, kuma ka danna ta har ƙugiyar ta kama, domin idan ta ɗan saki kaɗan kwamfutar za ta tashi, fankoki su juya, amma monita ya tsaya baƙi ƙirin.

Wani injiniyan lantarki a Kaduna:

Ƙanena, kafin a gama gardamar kesin, bari mu yi lissafin wuta, domin ita ce za ta nuna maka awa nawa za ka yi kana wasa. RTX 4070 yana cin wat 200. Idan ka haɗa da furosesa da mazabod da fankoki da monita, ka ɗauka kana jan kimanin wat 350 a tsakiyar wasa. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kimanin wat 2,400 na awa ɗaya, amma idan na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa, sannan inbata ma yana cin nasa kason, saboda haka abin da za ka samu bai wuce awa uku ba, ko da ba ka kunna komai a gidan ba. Da RTX 4060 ne, mai wat 115, da ka samu kusan awa huɗu, sai dai shi ma'ajiyarsa gigabait 8 ce, ta 4070 kuwa 12, kuma sababbin wasanni sun fara takura wa mai 8. Ba na cewa ka sauya katin. Shawarata ita ce ka rage masa iyakar wutar da yake ja zuwa kashi 80 cikin ɗari ta manhajar MSI Afterburner, abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, amma zafi da ƙarar fanka za su ragu sosai, wanda hakan ya fi muhimmanci idan ka zaɓi ƙaramin kesin.

Kada kuma ka nemi sauƙi a na'urar raba wuta, domin araha ba ta ado. Ka nemi ta sanannen kamfani mai wat 650 ko 750. Na'urorin zamani sun fi zama lafiya da inbata ko UPS mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, waɗanda ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle kuwa sukan sa kwamfutar ta mutu a daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Kada ka jona ta kai tsaye a ƙaramin janareta ba tare da abin daidaita wuta a tsakani ba.

Wani ɗalibi a Zariya:

Yayyena, ku yi mini afuwa, amma me zai hana ya sayi laftof ɗin wasa ya huta? Tana da batirinta da allonta, kuma nauyinta bai fi kilo biyu da rabi ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanena na Zariya, na yi tunanin laftof, amma RTX 4070 na laftof ba ɗaya yake da na tebur ba, gigabait 8 gare shi kuma ƙarfinsa bai kai ba, sannan idan ya tsufa ba a iya cire shi a saka wani. Ni kuwa ina so bayan shekara uku ko huɗu in canza katin kawai in bar sauran. Injiniya, lissafinka ya buɗe mini ido, zan duba inbatan gidan Kano kafin komai. A kan kesin na karkata ga ƙaramin, tunda ɗaukarsa ce dalilin aikin gaba ɗaya, amma maganar zafi ta sa na fara tunanin na'urar sanyayawa mai ruwa. Shin hakan ya dace da mai yawan tafiya? Kuma yaya ake kare kayan ciki daga girgizar hanya?

Wata mai gyaran kwamfuta a Abuja:

Malam, ka bar maganar mai ruwa. Terra ba a yi shi domin ita ba, gurbin fanka ɗaya tak gare shi mai milimita 120 a ƙasa, kuma ko a kesin da aka yi dominta, juya kwamfuta a jaka yana sa iskar da ke cikin bututun ta koma wajen famfo, sai ka ji yana ƙara, sanyin ma ya ragu. Gajeriyar na'ura mai fanka ta fi dacewa da matafiyi, domin ba ta da nauyin da zai riƙa jan mazabod duk lokacin da mota ta faɗa rami. Ka duba tsayin ram ɗinka ma, domin masu dogon kambu da fitilu sukan tokare na'urar sanyayawa, gajeru marasa ado sun fi.

Wajen ajiyar bayanai, kada ka saka faifai mai juyawa ko kaɗan, girgiza ce ajalinsa. SSD irin M.2 da ake ɗaurewa a jikin mazabod da noti ɗaya ya wadatar, mai terabait 1 ko 2. Katin hoto kuma ka zaɓi mai fanka biyu, wanda kaurinsa bai wuce gurbi biyu ba, kuma akwai nau'o'in 4070 da ke amfani da tsohon soket mai haƙora takwas, sun fi sauƙin lanƙwasa waya a wuri mai matsi. Abin da na fi gani a teburina daga matafiya shi ne gurbin katin hoto da ya tsage saboda kati mai nauyi ya yi ta rawa a hanya. A kesin irin Terra katin a tsaye yake kuma a ɗaure, haɗarin bai kai na sauran ba, amma duk da haka ka ɗaure notinsa tamau, ka ajiye soson da aka kawo kesin a ciki ka shimfiɗa shi a jakar, kuma jakar ta zauna a kan cinyarka ko tsakanin ƙafafunka, kada ka yarda kwandasta ya tura ta but a ɗora mata buhu.

Sai maganar ƙura, wadda ba wanda ya taɓo. Gefunan Terra a buɗe suke, ba su da matatar ƙura, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan toshe siraran ƙarafan na'urar sanyayawa har su yi kamar an liƙa musu auduga. Ka riƙa buɗe gefunan kana hure su da abin hura iska a kai a kai, ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa yayin hurawar, idan ka gama wasa kuma ka jira ta huce sannan ka rufe ta da mayafi. Kafin ka biya kuɗin katin, ka turo mana cikakken sunansa da tsawonsa da kaurinsa a milimita, mu gwada su da ma'aunin kesin da tsayin na'urar sanyayawar da ka zaɓa.