Ya baje mini karta na rasa ta cewa, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abokin aikina da bai yarda da samuwar Allah ba, kuma ba ya ɓoyewa. Jiya na kawo masa hujjar da na daɗe ina taƙama da ita: da ƙarfin da ke riƙe tsakiyar ƙwayar zarra ya ɗan goce, da babu taurari irin namu, balle mu. To ta yaya wannan daidaito zai zama katari? Bai ce uffan ba, ya jawo karta daga aljihun tebur, ya cakuɗa, ya baje guda 52 a jere. Ya ce yiwuwar fitowar wannan jerin ɗaya ce cikin adadi mai lambobi 68, ga shi kuwa ya fito, wa ya tsara shi? Wallahi bakina ya mutu. Me zan ce masa?

Ɗalibin lissafi:
Wa alaikumus salam. Lissafinsa daidai ne, misalin ne ke da rauni. Kowane jeri da wuya ya fito, amma dole wani ya fito. Abin da ke sa a ɗaga gira shi ne jerin da aka ambata tun kafin a baje. Ka ce masa in kartar ta fito kowane gida a jere, zai ce sa'a ce ko maguɗi? Sai dai ka shirya, tambaya ta gaba ta fi zafi. A karta mun san guda nawa ne. Sararin samaniya kuwa ɗaya tak muka gani, ba mu san iyakar inda lambobinsa, irin ma'aunin ƙarfin nan da ka ambata, za su iya kaiwa ba. Ɗaya cikin nawa ke nan?

Mai ra'ayin abokin naka:
Ni ma ban yarda ba, bari in faɗa maka inda muke tsayawa, ɗan'uwa. Masanin falsafa Richard Swinburne ya gina hujjarsa ta samuwar Allah a 1979 kan ƙa'idar Bayes, wato lissafin yadda shaida ke sauya yiwuwar abu, wadda aka buga tun 1763. Ƙa'idar ba ta da laifi, amma sai ka zuba mata ƙiyasinka na farko kan yiwuwar abin kafin ta ba ka amsa. Mai imani ya zuba babba, ni in zuba ƙarami, kowa ya kwashi abin da ya zuba. Sannan duk mai mamakin samuwarsa, ai a duniyar da ke ɗaukar rai kaɗai zai iya yin mamakin.

Ɗalibin lissafi:
Wannan ta ƙarshen masanin falsafa John Leslie ya amsa ta da misali. An ɗaure ka, gwanayen harbi 50 sun saki wuta, duk sun kuskure. Ba za ka ce "da sun same ni ai da ban yi mamaki ba" ka kama gabanka ba. Dole ka nemi dalili. Batun ƙiyasin farko dai na sallama maka.

Wata 'yar uwa:
Ƙanina, imaninka daga wannan lissafin ya fara? In ba haka ba, kada ka rataye shi a kansa, don gobe masana na iya sauya lambar. Ka faɗa masa inda ya yi gaskiya da inda misalinsa ya gaza, kada ka je da niyyar kayar da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe zan ce ya sake fito da kartar, amma wannan karon ni zan faɗi jerin kafin ya baje.