Da wane jadawali za a auna huhun ɗan Zango?

Muhawara a zauren ma'aikatan lafiya 'yan Zangon Kumasi, bayan wani ya ce: "A na'urar gwajin huhu, ku zaɓi jadawalin baƙaƙen Amurka, shi ne daidai da mu."

Likitan ƙirji: Ban yarda ba. Jadawalin GLI na 2012, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa da ke faɗin yawan iskar da ake sa ran lafiyayye zai busa, ya kasa mutane gida-gida: Turawa, baƙaƙen Amurka, mutanen Asiya kashi biyu, sai "sauran". Daga shekara 3 zuwa 95 ya ɗauka, amma gidan baƙaƙen nan 'yan Amurka ne suka cika shi, ba mutanen unguwanninmu na Aboabo ko Asawase ba. Baƙar fata ce kawai ta haɗa mu.

Mai gwajin huhu: Dakta, to da na Turawa za mu auna? Jadawalin baƙaƙe yana sa ran iska ƙasa da na Turawa da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ka sa na Turawa, lafiyayyu da yawa za su fito da jan rubutu mai nuna matsala, a tura su hoton ƙirji a banza, kuɗi kuma daga aljihunsu.

Likitan ƙirji: Malam, juya lissafin. A ce mai haƙar zinariya daga Obuasi ya busa FVC, wato jimillar iskar da ya iya fitarwa da ƙarfi, lita 3.2. Jadawalin Turawa na jiran 4.5, kashi 71 ke nan. Na baƙaƙe na jiran 3.9, kashi 82, sai a ce masa lafiya lau, ya koma rami da ƙurar dutse a ƙirji. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka (ATS) a 2023 ta ba da shawarar GLI Global, wanda ba ya tambayar launin fata. Ƙarancin iskar ba lallai halitta ba ce: akwai hayaƙin gawayi da itace, yunwar ƙuruciya, da tabon tarin fuka.

Mai gwajin huhu: GLI Global ɗin ma tsoffin alƙaluman 2012 aka sake gaurayawa. Ba a busa sabo a Gana ba.

Likitan ƙirji: Wannan kam gaskiyarka.

Nas: Ku yi haƙuri, yayyena, kuna ta gardamar rufin ɗaki, tushe kuwa ya karkace. Duk jadawalin nan a kan tsawo yake tsaye. In aka tambayi mutum tsawonsa da baki, ko aka auna shi da takalmi da ɗaurin kallabi, an riga an ɓata lissafi. A cire takalmi, diddige a jikin bango; mai ƙusumbi a auna buɗin hannayensa. Kullum da safe a gwada na'ura da sirinjin lita 3, kada ta kauce fiye da kashi 3 cikin ɗari. Busa uku masu kyau, biyun da suka fi kada su bambanta fiye da mililita 150. Tsohuwar da ta daina busawa da wuri, FVC ɗinta zai ragu, rabon FEV1/FVC (iskar daƙiƙar farko a kan jimillar iskar) ya hau, toshewar hanyar iska ta ɓuya.

Mai gwajin huhu: Hajiya ta taɓo inda nake so. Rabon FEV1/FVC bai cika bambanta tsakanin launukan fata ba, don haka gano toshewar hanyar iska bai dogara sosai da wannan zaɓin ba. Abin da ke cutar tsofaffi shi ne layin 0.70 da ake kafewa a kai, a ce duk wanda rabonsa ya gaza shi yana da toshewa: rabon yana sauka da shekaru, sai a liƙa wa dattijo ɗan 75 COPD, wato ciwon toshewar huhu mai daɗewa, alhali tsufa ne.

Likitan ƙirji: Sai a duba makin z, wanda ke nuna nisan sakamakon mutum daga na lafiyayyun tsaransa, iyakarsa ta ƙasa -1.645. Kuma ko wane jadawali kuka zaɓa, ku rubuta sunansa a kan takardar sakamako, don in mutum ya je asibitin Korle Bu a Accra a san da me aka auna shi.