Tafiya ta kama ni: in kai karena gidan ajiye karnuka ko in samo mai kula da shi a gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Nan da mako uku zan yi tafiya, kuma zan yi kusan mako biyu ba na nan. Ina da kare namiji, German Shepherd, shekararsa 7, nauyinsa kilo 32. Yana shan ƙwayar ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a rana, kuma ba ya shiri da 'yan uwansa karnuka, da ya hango ɗaya sai haushi. Ko dai in kai shi gidan ajiye karnuka, ko in biya wani ya riƙa leƙowa safe da yamma yana ba shi abinci. Wanne ya fi?

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi: Wa'alaikumus salam Malam. Fara ɗauko katin rigakafinsa ka duba. Duk gidan ajiya na kirki zai nemi shaidar allurar ciwon hauka, da allurar da ta haɗa rigakafin cututtukan karnuka na distemper, parvo da ciwon hanta, sannan rigakafin tarin nan da karnuka ke ɗauka a cunkoso, wanda ƙwayar cuta mai suna Bordetella ke yawan jawowa. Yawancinsu suna so a yi na tarin mako biyu kafin ranar kawowa, ka ga cikin makon nan ya kamata ka yi shi. Ba ya hana tarin gaba ɗaya, rage masa ƙarfi yake yi. Tarin kan ɗauki kwana 3 zuwa 10 kafin ya fito, shi ya sa sau da yawa sai kare ya koma gida ake jin sa, busasshen tari kamar wani abu ya maƙale masa a maƙogwaro. Wurin da ya ce maka ba sai da kati ba, haka ya faɗa wa masu sauran karnukan, kuma ƙwayar cutar parvo na yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. A sa masa maganin kaska da ƙuma kafin ya shiga.

Maganar ƙwayarsa kuma, idan irin carprofen ce ko meloxicam, tare da abinci ake ba da ita. Kare a baƙon wuri kan ƙi ci, mai kula kuma ya ci gaba da ɗura masa ƙwaya a cikin da babu komai. Ka rubuta ɓaro-ɓaro: in ya ƙi ci, ya yi amai, ko kashinsa ya yi baƙi, a dakatar a kira likita. Kada kuma a ba shi paracetamol ko ibuprofen na mutane.

Mai horar da karnuka: Malam, karen da ba ya jure ganin wani kare, a ajiye shi inda goma ke haushi dare da rana, wahala zai sha. Gida ya fi masa. Amma leƙowa safe da yamma bai isa ba. In mutum ya yi rabin awa kowane zuwa, awa 23 ke nan karen yana shi kaɗai, har tsawon mako biyu. Babban kare na buƙatar fita fitsari sau uku zuwa huɗu a rana, ga gaɓoɓin da ke ƙara sandarewa in ba ya motsi. Ka nemi wanda zai kwana.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, karen da ke kaɗa wa baƙo wutsiya kana tsaye, ba lallai ya bar shi ya shigo ba in ba ka nan. Ku gwada sau uku. Na farko ku haɗu a waje, ku yi tattaki tare, igiya a hannunka, daga baya ka miƙa masa. Na biyu ya shigo kana nan, shi ya zuba abinci, shi ya ba da ƙwaya. Na uku ya buɗe ƙofa da makullinsa kai kana nesa da gidan. In karen ya tsare ƙofa yana gurnani, gashin bayansa a miƙe, maganar ta ƙare, ka canja shiri tun da sauran lokaci. Kwanakin farko ne kare ya fi yunƙurin ficewa neman mai shi, don haka a ɗaura igiya kafin a buɗe ƙofar waje, a kuma rataya masa lambar wayar wanda ke kusa, ba taka ba.

Mai kula da gidan ajiye karnuka: Ban ƙi ta mai horarwa ba, sai dai mai kula a gida mutum ɗaya ne. Ya kwanta rashin lafiya ko makulli ya ɓata, wa zai shiga? Sai an tanadi na biyu mai nasa makullin, wanda shi ma karen ya san shi. Gidan ajiya kuma ba duka suka zama ɗaya ba, gani ya kori ji. Ka je ka ce a nuna maka inda karnuka ke kwana, ba ofis ba. In warin fitsari ya doki hancinka tun daga ƙofa, juya. Duba ko bango ne tsakanin ɗaki da ɗaki ko waya kawai, don naka ba zai runtsa ba yana kallon idon maƙwabcinsa. Duba daɓen, mai santsi bai dace da mai ciwon gaɓoɓi ba. A samu ƙofa biyu tsakanin kare da titi. Ka tambaya ko za a riƙa fitar da shi shi kaɗai, sannan wa ke kwana a wurin. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce ga irin karenka: manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu kan kumbura ya murɗe. Za a ga yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, ciki ya yi tauri, yana dalalar da yawu, ya kasa zama wuri ɗaya. Cikin sa'o'i kaɗan yake kisa, ba ya jiran gari ya waye. In wurin ya yi maka, ka kai shi kwana ɗaya na gwaji.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba kati, na tarin ne kawai babu. Zan gwada mai kwana a gida, in yi allurar kuma ko da gwajin zai ƙi. To idan ya ƙi cin abinci fa?

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi: Ƙin ci na yini ɗaya ba abin tashin hankali ba ne muddin yana shan ruwa yana yawo, amma dai a dakatar da ƙwayar a kira likita kamar yadda na faɗa. Ya kai kwana biyu, a kai shi asibiti. Kada a canja masa abinci don a lallashe shi, canji na gaggawa gudawa yake kawowa, sauyin kirki kwana bakwai yake ɗauka ana gauraya tsoho da sabo. Ka auna na kowace rana a leda daban, ka ƙara na kwana uku saboda jinkirin dawowa, a raba masa sau biyu, kuma ban da guje-guje awa ɗaya kafin ci da bayansa. Ruwa kuwa mililita 50 zuwa 60 ne ga kowane kilo, wato nasa ya kusa lita biyu a rana, ya fi haka in ana zafi. Sai ka bar takarda da sa hannunka wadda ta ba likita izinin yi masa magani in an kira ka ba a same ka ba.