An killace ɗana saboda mashaƙo, ya zan yi da ƙannensa?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. An kwantar da ɗana a asibiti nan Kano, likita ya ce mashaƙo ne, wuyansa ya kumbura ga wani farin abu ya manne masa a maƙogwaro, ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa. An killace shi, uwarsa ce kawai a ciki da takunkumi, ni sai dai in miƙa kular abinci a bakin ƙofa in juyo, wallahi ko barcin kirki ba na yi.

Babbar damuwata ƙannensa biyu da suke kwana ɗaki ɗaya da shi, ƙaramar ma ba ta gama allurar Penta ba, wato rigakafin jarirai da ya haɗa da na mashaƙo. In kai su a duba su tun yanzu ko sai sun fara zazzaɓi? Islamiyya fa, in tsare su a gida har yaushe? Ga Hajiyarmu ta dage sai ta je dubiya, da wane baki zan hana ta?